Gwanjon yara: in sayi dila guda ko in fara da zaɓe?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son in fara sayar da gwanjon yara daga gida, a Kano nake. Jarin da ke hannuna zai sayi dila ɗaya, amma ba zai bar min ko na mota ba. Wasu sun ce in sayi dila in fasa da kaina, wai ribar a nan take. Wasu kuma sun ce in riƙa zuwa Ƙofar Wambai ina zaɓe da ɗai-ɗai. Don Allah waɗanda suka san harkar su yi min bayani dalla-dalla: yaya ake gane dila mai kyau, yaya ake sa farashi, yaya ake wanki har warin nan ya fita, kuma me ake yi da ragowar da ta ƙi sayuwa? Ba na son ɗakina ya koma juji, ba na kuma son in zuba kayan a kwata.

Ɗan Wambai

Wa alaikumus salam Malama. Da irin jarin da kika faɗa, kada ki fara da dila. Ga dalili, da lissafi.

Dilolin da suka fi yawo a kasuwanninmu masu nauyin kilo 45 ne da kilo 55, akwai kuma manya masu kilo 100. Da nauyi ake sayar da dila, ba da ƙirga ba, saboda haka yawan abin da za ki samu a ciki ya danganta da irin kayan. Wandon jins na babba yana kai rabin kilo zuwa sama, shi ya sa dila mai kilo 45 ba ta cika wuce guda 70 ko 80 ba. Tishat ta manya wajen giram 200 ce, sai ki samu sama da 200. Kayan yara na gauraye a dila mai kilo 55 suna iya kai 350 zuwa 450, gwargwadon shekarun yaran da kuma ko na zafi ne ko na sanyi. Duk wanda ya yi miki alƙawarin adadi takamaimai a dilar da bai fasa ba, baki kawai yake yi.

Yanzu bari mu yi misali. Lambobin nan na koyon lissafi ne, ba farashin kasuwar yau ba ne, ki sa naki a gurbinsu. A ce dila ta zo miki naira 300,000. Dako da mota 10,000. Omo, ruwa, gawayi ko wutar guga, leda da ɗan gyaran tela 20,000. Jarinki ya zama 330,000, ba 300,000 ba, kuma a nan sababbin shiga suke fara ɓata lissafi. Kin fasa kin samu guda 400. Da kika tace, 80 ne lamba ɗaya, waɗanda ba tabo ba koɗewa. 180 lamba biyu, masu kyau amma da gani an sa su. 100 lamba uku, masu ɗan tabo, ko ƙaton da ba a nema, ko ɗinkin da ba a sa wa yara a nan. 40 kuma tsumma ne zalla.

In kika raba 330,000 gida 400, kowane ɗaya ya tashi 825. Wannan lamba ce mai yaudara, domin tsumma ba zai taɓa biyan 825 ba, sai na sama sun ɗauke masa. A ce lamba ɗaya ta fita a 2,500, kin sami 200,000. Lamba biyu a 1,000, kin sami 180,000. Lamba uku a 300, kin sami 30,000. Jimla 410,000, riba 80,000, in komai ya ƙare kenan.

To ki duba inda matsalar take. Lamba ɗaya a kwana biyu za a wawashe ta, ki ga kuɗi a hannu ki ɗauka kasuwa ta yi. Alhali 200,000 ba su ma dawo da kashi biyu cikin uku na jarinki ba. In rabin lamba biyu kawai kika sayar, kina da 290,000, har yanzu kina ƙasa da jari da 40,000, ga buhun kaya jibge. Ribar dila a tsakiyarta take, kuma tsakiyar nan ita ce mai wuyar fita ga wadda take gida, don ita tana son wurin da jama'a ke wucewa: bakin titi, ƙofar makaranta, kasuwar ƙauye ranar cinta. Sannan in dilar ta zo da rauni, lamba ɗaya ta zama 50 maimakon 80, guda 30 ɗin nan da suka sauko sun cinye miki 45,000, fiye da rabin ribar. Mai dila goma yana rufe asarar ɗaya da ribar tara. Mai dila ɗaya ba shi da abin rufewa.

Shi ya sa nake ganin ki ɗauki kashi ɗaya cikin uku na jarin ki je zaɓe. Ki nemi mai fasa dilar yara ki tambaye shi ranar da yake fasawa, ki isa da sassafe, don zaɓen farko shi ne mai kyau kuma shi ne mai tsada. Ki ɗauki 30 zuwa 50, ki rubuta wane shekaru da wane iri ne suka fara ƙarewa. Bayan zagaye huɗu ko biyar littafinki zai gaya miki dilar da ta dace da unguwarku. Riba a kan kowane ɗaya ta fi ƙanƙanta, amma ba ki sayi tsumman kowa ba.

Ranar da kika isa sayen dila kuma, babban abin tsoro shi ne wadda aka kwance aka tsince na kirki, aka cika da ragowa aka sake ɗaurewa. Dilar kamfani inji ne ya matse ta: kusurwoyinta a tsaye, in kin danna da gwiwa ba ta lotsawa, ɗaurin ƙarfe ko na roba ya nutse cikin jikinta daidai wa daida. Wadda aka sake ɗaurewa takan yi tumbi, ɗaurin ya yi sako-sako ko ya zama kala biyu, ki ga tsohon sawun ɗauri a gefen sabo, ko ɗinkin hannu a bakin buhu. Ki sa a ɗora ta a sikeli a gabanki. In ta gaza nauyin da aka rubuta da kilo biyu ko uku, an taɓa ta. In ta zarce da yawa, ki sa hannu ta kusurwa ki ji ko da danshi, don dilar da ruwa ya shiga tana nauyi, cikinta kuma fumfuna ce. Ki karanta takardar da ke jiki: na zafi ne ko na sanyi, shekara nawa zuwa nawa, wane mataki. Dilar kayan sanyi a watan Maris jari ne kika binne sai Nuwamba.

Umman Khalifa

'Yar'uwa, Alhaji ya gama da lissafi, ni bari in shiga wajen dubawa da wanki, don nan ne kaya ke tashi daga lamba biyu zuwa lamba ɗaya, ko su faɗo.

In kina zaɓe, ki ɗaga riga ki sa ta tsakaninki da haske, ƙananan huji da wurin da yadi ya sirance za su fito. A kayan yara tabo yana zama a ƙirji da bakin hannu, yagewa kuma a gwiwa da tsakanin ƙafafu. Ki ja robar ƙugu kusa da kunnenki: in kin ji tana ƙaras-ƙaras ko ta ƙi komawa, ta mutu, sai an canja. Zif ki ja shi sama da ƙasa sau biyu. Maɓallan ƙarfe na kayan jarirai ki ɓalle su ki mayar, don sukan yage yadi. Rigar da aka manna wa zane na roba ya fara tsagewa, ki bar ta, wanki biyu zai ƙarasa shi. Ki karanta rubutun da ke jikin riga kafin ki biya, akwai masu zagi da tallar giya, ba uwar da za ta saya. Duwatsu da ƙananan maɓallan da ke lilo a kayan jarirai a cire ko a ɗinke su tamau saboda haɗiya, igiyar wuyan riga mai hula ta ƙaramin yaro ma a zare ta.

Lambar da ke wuyan kayan Turai tsawon yaro ce da santimita: 92 wajen shekara biyu, 104 huɗu, 116 shida, 128 takwas, 140 goma. Na Sin ma da santimita suke zuwa, 90, 100, 110, amma sukan fi matsewa. Kada ki dogara da lamba, kayan da aka sha wankewa sun tsuke. Ki auna tsawo da faɗin ƙirji da tef ki rubuta a ƙarƙashin hoton da za ki sa a WhatsApp, zai rage miki dawo da kaya. Hoton kuma a hasken rana, a inuwa, ba da fitilar waya ba, don kalar ta fito yadda take.

Wanki: ki fara baza su a igiya yini guda iska ta buge su. Ki ware farare, masu haske da masu duhu. Ki jiƙa da omo a ruwa mai ɗumi kamar awa ɗaya ko biyu, kada su kwana a ciki, rini yana zuba ya ɓata na kusa. A ɗauraya ta ƙarshe ki zuba rabin kofi na farin binega a bokiti, shi ke yanke warin dila, turare rufe shi kawai yake yi ya dawo. Tabon mai, sabulun ruwa na wanke-wanke ake shafawa a busasshen yadi a bar shi minti goma sha biyar kafin ruwa ya taɓa. Tsatsa, lemon tsami da gishiri a shanya a rana. Haipo kuwa farin auduga kaɗai, kuma har abada kada ki haɗa shi da binega ko lemon tsami a ruwa ɗaya, iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona ƙirji. Kuma kada ki goge tabon da bai fita ba, zafi zaunar da shi yake yi.

Maganar ƙazuwa, ƙwarƙwata da kuɗin cizo: zafi ne maganinsu. Abin da zai jure, a wanke da ruwan da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba ya iya zama a ciki, a shanya a rana sosai, a goge ciki da waje, musamman kan layin ɗinki inda ƙwai ke maƙalewa. Suwaita ta ulu ba ta son ruwan zafi, tsukewa take yi. Ita a ɗaure ta a baƙar leda a ajiye a rana, a bar ta a ɗaure kamar mako guda, ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba tare da jikin mutum ba.

Ajiya a kan katako, ba a ƙasa ba, kuma kada buhu ya jingina da bango saboda gara da danshin damina. Abin da bai bushe ƙarau ba kada ya shiga leda. Sai abu ɗaya da nake roƙonki da shi: kada ki sa kafur a kayan jarirai. Akwai jariran da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido, kafur yana fasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani, kuma likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kai. Ki gaya wa masu sayen kayanki ma.

Abu Sumayya

Malama, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ke sa farashin dila hawa da sauka ba tare da sanarwa ba. A dokar kwastan ta Najeriya, tufafin gwanjo suna cikin kayan da aka hana shigo da su. Shi ya sa kwantena kan sauka Kwatano ko Lome, kayan su biyo ta ƙasa, wasu ta kudu su faɗa Legas da Aba, wasu ta Nijar su gangaro arewa. Ma'ana farashin da za a gaya miki a Wambai ko Kasuwar Barci ta Kaduna ko Katako ta Jos yana ɗauke da canjin dala, canjin sefa, da halin da iyaka take ciki. An gani lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ga kuma faɗuwar naira a shekarar. Darasin ga ƙaramin ɗan kasuwa: ki sa farashi da kuɗin da za ki sake sayen kayan gobe, ba da wanda kika saya jiya ba, in ba haka ba za ki sayar da komai ki koma kasuwa kuɗin ba su kai ba. Kuma kada ki tura wa wani kuɗi ta intanet wai zai aiko miki da dila daga bakin iyaka da araha. Ko an kama ta a hanya, ko babu ita tun asali, ba inda za ki kai ƙara.

Ta fuskar addini, tunda wasu kan ji shakkar sayen abin da ba a gani ba: a Risala an halatta sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa takardar da ta siffanta shi, matuƙar siffar sananniya ce. Amfanin wannan gare ki shi ne takardar jikin dila hujja ce. Ku yi magana da mai kaya kafin ki biya, gaban shaida: in an rubuta kayan yara na zafi aka fasa aka ga na manya ko jiƙaƙƙu, me zai faru? Mafi sauƙi a fasa a shagonsa. Ke ma in kin zo sayarwa, aibin da kika sani ki nuna, hadisin tarin hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya isa gargaɗi.

Inda na ɗan saba da masu yabon gwanjo ba ƙaidi shi ne cewa wai duk sake amfani da kaya ne, saboda haka alheri ne zalla. Rigar da aka ƙara sawa shekara biyu alheri ce, ba musu: an huta da noman audugar wata, da rininta, da ruwan da za ta sha. Amma wanda ya ɗaure dilar ya sa har da abin da ya san ba mai sawa, mu muka biya kuɗinsa, mu kuma za mu nema masa makwanci. A kasuwar Kantamanto ta Akra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma shara suke zama. 'Yan kasuwar gwanjon Gana suna musun wannan adadi, suna cewa bai kai haka ba, amma tsumman da ke bakin tekun Akra ba ya ɓoyuwa. Mu ba mu da teku, muna da kwalbati, kuma yadin roba ba ya ruɓewa. Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi kowacce muhimmanci a wurina.

Tela Mai Zigzag

Hajiya, ragowa kala uku ce, kada ki haɗa su a buhu ɗaya.

Ta farko mai neman ƙaramin gyara: roba, maɓalli, zif, ɗinkin da ya warware. Ƙa'idar ita ce kuɗin gyara kada ya wuce rabin abin da gyaran zai ƙara wa farashi. Canja robar wando aikin minti biyar ne, yana ɗaga shi daga lamba uku zuwa biyu, ya cancanta. Canja zif ɗin jaket aiki ne mai cin lokaci, sai jaket ɗin mai tsada ce. Ki tara su ki kai wa tela guda ashirin a lokaci ɗaya ku yi jimla, ya fi ɗai-ɗai sauƙi.

Ta biyu mai kyawun yadi amma siffarta ba ta sayuwa. Ita ake juyawa. Wandon da gwiwarsa ta fashe a yanke sama da gwiwa ya zama gajere. Doguwar rigar mace babba, in ƙasanta da faɗi, tana fitar da siket ɗin yarinya ko biyu. Rigar yarinya marar hannu ba a yar da ita, a haɗa ta da tishat mai dogon hannu daga lamba biyu a sayar a matsayin saiti, biyu sun fita a tare. Ƙafafun jins suna yin jakar allo ko ta makaranta, ko rigar aikin mai gyaran babur. Abin da ke ɓata wannan aiki allura ce: jins yana son lamba 16 ko 18 da zare mai kauri, in an sa 14 karyewa take a kan kauri. Yadin tishat mai miƙewa kuma yana son allura mai dunƙulallen baki da ɗinkin zigzag, in an yi masa miƙaƙƙen ɗinki da allura mai tsini sai zare ya tsinke ran da yaro ya fara sawa, ko ƙananan huji su bi layin.

Ta uku tsumma. Kafin ki kira shi tsumma, ki cire zif mai aiki, maɓallai, da leshin baki, ki tara a gwangwani, teloli suna saye, ke ma za ki buƙata wajen gyara. Sai ki raba auduga da roba. In takardar jikin rigar ta goge, ki zare zare kaɗan ki kusanta shi da ashana a waje: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, yadin roba narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, ulu kuma warin gashi. Audugar a yanka kamar taƙi ɗaya da rabi kowane gefe, a tabbatar ba ƙarfe ko maɓalli a jiki don kada ya karce fenti, a ɗaure kilo-kilo. Makanikai, masu wankin mota, masu fenti, kafintoci da masu injin ɗab'i kullum cikin neman tsumman goge suke, fari ya fi daraja don ba ya zubar da kala. Na roba ba ya shan mai ba ya shan ruwa, in kin cusa shi a ciki sau ɗaya za su saya a wurinki. Shi sai a wanke a yayyanka ƙanana a cusa a tum-tum, filon kujera ko katifar zama, ko a yanka shi dogo-dogo a saƙa abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Kada a ƙona shi a tsakar gida, hayaƙinsa yana tayar wa yara da asma.

Lamba uku kuma kada ta wuce mako shida a ɗakinki. Ki tara ki sayar wa masu kai wa kasuwannin ƙauye a jimla, ko da a kan jari ko ƙasa kaɗan. Kuɗin da ya dawo ya sake juyawa ya fi buhun da ke jiran ɓera.

Hajiya Mai Dillanci

'Yata, duk an yi miki bayanin kayan waje. Ni zan nuna miki dilar da ba a biya mata canjin dala: akwatunan matan unguwarku. Yaro yana fin kayansa girma tun ba su tsufa ba. Kayan sallar bara, shadda, atamfa da leshin da aka sa sau uku, takalman makaranta, keken koyon tafiya, suna nan jibge a gidaje, masu su na son kuɗi amma suna jin nauyin a san sun sayar. Wannan shi ne dillanci, sana'ar iyayenmu, kuma ba ya cin jari, amana yake ci.

Tsarinsa: ki duba kaya a gaban mai su, ku ƙirga, ki rubuta kowane ɗaya da aibinsa. Ku yanke mafi ƙarancin kuɗin da za ta karɓa, da la'adarki, da wa'adin da in bai fita ba za ki mayar, mako uku ko wata guda. Rigimar dillanci kusan duk daga rashin yanke waɗannan ukun take. Kuɗin kowa a rubuce daban, ranar da aka sayar ranar ki kai, kada ki juya kuɗin wata a kasuwancinki. Sunan mai kaya ba ya fita daga bakinki, kuma kada ki tallata kayan mace a layinsu ko cikin danginta, ki kai wata unguwa. Kada ki karɓi kaya daga hannun yaro ko 'yar aiki sai kin ji daga bakin uwar gida, kuma abin da aka kawo miki da arahar da ta wuce hankali ki bar shi, karɓar kayan sata laifi ne a doka ko ba ke kika ɗauka ba.

Wajen dubawa, atamfa ki buɗe ta gaba ɗaya, koɗewa a kan layin ninki take ɓuya. Leshi ki duba duwatsun da suka zube da zaren da ya ja. Shaddar auduga da ta koɗe ba ta mutu ba: a kai ta marina, irin su Ƙofar Mata, a mayar da ita kala mai duhu, a sa mata sitaci a kai wa masu bugu, ta dawo da ƙyalli. Sai dai zaren aikin wuya in na roba ne ba zai kama rini ba, zai fito da tsohuwar kalarsa, saboda haka ki zaɓi rinin da zai dace da shi. Ɗinkakkun kayan yara na gida suna da wata fa'ida a kan na dila, daidai da al'adarmu aka ɗinka su, ba ki da ragowar gajeren siket.

Bashi kuwa, a gwanjo shi ne ajalin jari. In dole ne, rabi a hannu, kuma kada ki saki kaya don an nuna miki hoton tura kuɗi, sai kin buɗe asusunki kin gani.

Maman Ilham

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Zan fara da zaɓe in haɗa da dillancin. Tambaya ɗaya ta rage, Alhaji: wane wata ya fi dacewa da wane kaya, don kada in ɗauko abin da zai kwanta?

Ɗan Wambai

Kayan sanyi, wato suwaita, jaket, safa, hular sanyi da bargon jarirai, ki tara su daga Satumba zuwa Oktoba tun ba su hau ba, ki sayar daga Nuwamba zuwa Janairu. Da Fabrairu ta raba ki karya farashi ki fitar da sauran, kada ki riƙe. Daga Maris zuwa Mayu auduga marar nauyi kawai, singileti, gajeren wando da 'yan riguna, yadin roba ba ya motsi a zafin Kano. Agusta zuwa farkon Satumba jakar makaranta, farar safa, baƙin takalmi da farar shat. Kafin salla da mako uku lamba ɗaya zalla, musamman jins da rigunan yawon salla, ranar ba mai neman lamba biyu. Kayan jarirai daga haihuwa zuwa shekara ɗaya su ne ba su da lokaci, ki sa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin zaɓenki a kansu kowane zagaye.